Wace waya ce za ta ƙone? Fashin baƙi kan bugun lantarkin bam ɗin nukiliya

Da misalin ƙarfe 11 na daren 8 ga Yulin 1962, sararin samaniyar birnin Honolulu ya haskaka kamar rana ta dawo. Mutanen garin sun san da zuwan abin, domin jaridu sun sanar, wasu ma sun hau saman otal-otal suna jiran kallo. Amurka ce ta harba roka daga tsibirin Johnston da ke tsakiyar tekun Pasifik, ta tayar da bam ɗin nukiliya a nisan kilomita 400 daga doron ƙasa. Ƙarfinsa ya kai na tan miliyan 1.4 na nakiya, wato ya ninka wanda aka jefa wa Hiroshima fiye da sau 90. Sunan gwajin Starfish Prime. A Hawaii ba gilashin da ya fashe, ba wanda ya ƙone, domin tsakaninsu da wurin ya haura kilomita 1,400. Amma cikin ƙiftawar ido fitilun kan titi kusan 300 suka mutu a tsibirin Oahu, ƙararrawar kama ɓarayi ta ɗau kuka a gine-gine da dama alhali ba ɓarawo, sannan wata na'urar kamfanin tarho ta lalace a tsibirin Kauai, kira tsakaninsa da sauran tsibiran ya yanke.

Abin da ya yi wannan ɓarna shi masana ke taƙaita sunansa da EMP. Mu kira shi bugun lantarki. Tun daga wancan dare ya shiga fina-finai da littattafan almara, inda ake nuna cewa bam ɗaya a sama zai sa kowace mota ta tsaya cak, kowane agogo ya mutu, kowace wayar hannu ta zama dutse. A Amurka akwai jama'a masu yawa da ke shirin ko-ta-kwana, suna tara abinci da magani da kayan sadarwa, kuma kasuwar jakunkuna da akwatunan kare na'urori daga wannan bugu tana ci a tsakaninsu. Tsoron yana da tushe, amma a ganina an ɗora shi a kan abin da bai fi cancanta ba.

Hausa ta sauƙaƙa mana bayanin, domin kalma ɗaya muke amfani da ita ga abu biyu. Waya ce a aljihunka, waya ce kuma a kan falwaya. Bugun lantarki ya fi neman ta biyun. Ta farkon tana shiga haɗari ne gwargwadon yadda ta jingina da ta biyun.

Ga yadda abin ke faruwa. Da bam ya tashi, abu na farko da ke fita daga cikinsa wani irin haske ne da ido ba ya gani, hasken gamma. Bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na ƙarfin bam ɗin ba. Da a kusa da ƙasa ne, iska za ta shanye shi cikin ɗan taƙaitaccen wuri. A can sama kuwa ba iskar da za ta tare shi, sai ya bazu ya gangaro har ya iso tsakanin kilomita 20 zuwa 40 daga ƙasa, inda iska ta fara kauri. A nan yake karo da ƙwayoyin iska, ya fizge ilektiron, wato 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi masu ɗauke da cajin lantarki, daga jikinsu, ya wurga su ƙasa da gudun da ya haura kashi 90 cikin 100 na gudun haske. Ita kuma duniya tana da nata maganaɗisun, wanda allurar kamfas ke bi. Shi ke tanƙwara tafiyar waɗannan ilektiron, kuma duk ilektiron ɗin da ya yi kwana da gudu sai ya fitar da ɗan igiyar rediyo. Na guda ɗaya ba komai ba ne. Abin da ya mai da shi bala'i shi ne dukkansu suna yin kwanar a lokaci guda, a faɗin sararin da ya kai girman nahiya, igiyoyinsu su hau kan juna su iso ƙasa tare. Mutum ɗaya ya ce amin a filin idi, na sahu na uku ba zai ji ba. Dubban mutane su faɗa da murya ɗaya, sai a jiyo su daga bayan gari.

Kafin 1962 masana sun san bam na fitar da irin wannan bugu. Tun a gwajin farko na duniya a New Mexico, a watan Yulin 1945, masanin kimiyya Enrico Fermi ya yi hasashensa, aka kuma yi wa wayoyin na'urorin awo rigar kariya. Girmansa daga can sama ne ya ba su mamaki, har na'urorin awo da yawa suka cika suka kasa auna shi a daren Starfish Prime. Sai a 1963 wani masani a cibiyar binciken nukiliya ta Amurka da ke Los Alamos, Conrad Longmire, ya warware rawar da maganaɗisun duniya ke takawa. Daga nan aka fahimci dalilin da ya sa ƙarfin bugun ya bambanta daga wuri zuwa wuri, aka kuma fahimci faɗinsa: duk inda za a iya hango wurin fashewar daga ƙasa, bugun na isa. Daga nisan kilomita 400, wannan da'ira ce da ta kai kusan kilomita 2,200 ta kowace kusurwa.

Bugun kashi uku ne, ɗaya na bin ɗaya, kuma kowanne da irin abin da yake ci. Ruɗanin da ake yi yawanci daga cakuɗa su ne.

Na farko, wanda ake kira E1, shi ne mai saurin da hankali ba ya iya kamawa. Yana kai ƙololuwarsa cikin kusan kashi biyar cikin biliyan na sakan, ya kuma shuɗe kafin kashi ɗaya cikin miliyan na sakan ya cika. Ma'aunin da injiniyoyi ke gwada kaya da shi shi ne bolt 50,000 a kowace mita. Wannan "a kowace mita" shi ne mabuɗin maganar. Bugun ba ya zuba wa na'ura wuta kai tsaye. Sai ya sami ƙarfe ya hau, kuma kowane ƙarfe mai tsawo eriya ne a wurinsa, ko an yi shi don haka ko ba a yi ba. Wayar caja eriya ce. Wayar da ta sauko daga dish zuwa dikoda eriya ce. Wayoyin da aka binne a bangon gida, da wadda ta taso daga falwaya ta shigo mita, duk eriya ne. Gwargwadon tsawon ƙarfen, gwargwadon abin da zai kwaso, har layin raba wuta na unguwa kan iya ɗaukar ɗaruruwan dubban bolt. A ƙarshen wannan layi kuma akwai ƙwaƙwalwar na'ura wadda aka ƙera ta yi aiki da bolt biyar ko ƙasa da haka, hanyoyin cikinta sun fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba.

Yanzu ɗauki agogon hannu, ko tocila, ko wayar hannu da ke kan tabarma ba a jone da komai ba. Ƙarfen da ke cikinsu 'yan santimita ne, abin da za su kwaso kaɗan ne. Kuma masu ƙera su sun riga sun yi musu shiri da wani abu makamancin haka. Duk wanda ya taɓa miƙa hannu zai buɗe ƙofar mota a tsakiyar hunturu ya ji tsit, wuta ta ja shi, to dubban bolt ne suka yi tsalle daga yatsansa. Ana gwada kayan lantarki na hannu su jure wannan tartsatsi tun daga masana'anta. Don haka ƙananan na'urori marasa jela suna da kyakkyawar damar tsira. Wasu za su rikice su bukaci a kashe a kunna, wasu za su lalace, amma maganar cewa ba wadda za ta sha ba ta da hujjar gwaji. Waccan wayar dai, a jona ta da caja a soket, ta zama wani abu daban, domin yanzu jelarta ta kai tsawon layin wutar gari.

Mai karatu zai ce ai akwai sitabilaiza da fiyus. An yi su ne don wutar da ta zo da ƙarfi, wadda ke hawa a hankali idan aka kwatanta. Sitabilaiza sai ta ji canji sannan wani maƙunni a cikinta ya motsa, fiyus kuma sai ya yi zafi ya narke. Kafin ɗayansu ya farga, E1 ya shiga ya fita. Hatta na'urorin kariya daga tsawa da yawa an auna su ne da saurin tsawa, wanda bai kama ƙafar wannan ba.

Kashi na biyu, E2, ba sai an daɗe a kansa ba. Yana biyo baya har zuwa kusan sakan ɗaya, kuma kamanninsa da tsawa ne, bai ma kai tsawar da ta faɗo kusa ƙarfi ba. Kariyar da aka saba da ita ta isa ta tare shi, in dai na farko bai riga ya ƙone ta ba.

Na uku shi ne wanda ya fi ba ni tsoro, kuma shi ne wanda ba ya taɓa wayar aljihu ko kaɗan. Ƙwallon wutar bam ɗin yana kumbura a sama, ya ture maganaɗisun duniya gefe, daga baya maganaɗisun ya yunƙuro ya koma mazauninsa. Wannan kai da komo na ɗaukar sakan goma-goma zuwa 'yan mintuna. Ƙarfin da yake jawowa a ƙasa ɗan kaɗan ne, ana lissafa shi da bolt a kowace kilomita. A kan wayar gida ba a ma jin sa. A kan babban layin da ya ratsa ɗaruruwan kilomita kuwa sai ya taru ya zama wuta mai yawa, kuma irin wutar da ke gudu gefe ɗaya kamar ta batir. Taransifoma ba a yi ta don wannan ba. An yi ta ne don wutar da ke kai da komowa sau 50 ko 60 a sakan. Idan mai gudu gefe ɗaya ta shige ta, ƙarfen cikinta ya ƙoshi da maganaɗisu, ta fara gurnani, ta ɗau zafi, ta riƙa zuƙe ƙarfin layin har wutar yanki gaba ɗaya ta durƙushe.

Mun san wannan da tabbaci domin rana ma tana yin irinsa ba tare da bam ba. A watan Satumban 1859 wata guguwar rana ta sa layukan tangaraho a Turai da Amurka suka riƙa tartsatsi, wuta ta ja ma'aikata. Ranar 13 ga Maris 1989 wata ta durƙusar da wutar lardin Quebec na Kanada cikin kusan sakan 90, mutum miliyan shida suka zauna cikin duhu na sa'o'i tara, kuma wata babbar taransifoma ta lalace a tashar Salem da ke New Jersey. A guguwar ƙarshen Oktoban 2003 wuta ta ɗauke a birnin Malmo na Suwidin, daga baya kuma aka gano manyan taransifomomi sun sami lahani a Afirka ta Kudu. A duk waɗannan, ba rediyon hannu ko agogon da ya mutu. Layuka masu tsawo kaɗai abin ya bi.

Duk wanda taransifomar unguwarsu ta taɓa ƙonewa ya san makonnin da ake yi ana jira. To waccan ƙarama ce, ana ɗaukar ta a mota. Manyan da ke tashoshin rarraba wuta nauyinsu kan kai tan 100 zuwa 400, kowacce ana ƙera ta ne daidai da wurin da za ta zauna, masana'antun da ke yin su a duniya 'yan kaɗan ne, kuma daga oda zuwa isowa akan haura shekara. Jigilarsu kaɗai sau da yawa sai da taragon jirgin ƙasa na musamman. Idan da yawa suka ƙone rana ɗaya, ba kantin da za a je a sayo.

Hujja mafi ƙarfi kan abin da bam ke yi wa dogayen layuka daga Tarayyar Sobiyet ta fito. Ranar 22 ga Oktoban 1962, daidai ranar da Shugaba Kennedy ya sanar da duniya rikicin makamai masu linzami na Kuba, Sobiyet ta tayar da bam mai ƙarfin tan 300,000 a nisan kilomita 290 sama da tsakiyar Kazakistan. Bai kai kwatan na Amurka ba, amma a kan tudu aka yi shi, inda akwai garuruwa da layuka, kuma maganaɗisun duniya ya fi ƙarfi a can fiye da Hawaii. Bayan rushewar Sobiyet, a shekarun 1990, masanan Rasha suka bayyana abin da suka gani. Wani layin tarho na sama mai tsawon kilomita 570, wanda aka jera wa na'urorin awo da gangan, duk fiyus ɗinsa sun ƙone. Wani kebur na wuta mai tsawon kilomita 1,000 da ke binne a ƙasa tsakanin Akmola da Almaty ya daina aiki. Gobara ta tashi a tashar wutar lantarki ta Karaganda. A lura da na tsakiyar: binne waya a ƙasa yana rage bugun farko, amma na ukun ratsa ƙasa yake yi.

Ko fitilun Hawaii ma, da aka koma aka bincika, labarin dogon layi ne. Fitilun a jere suke a kan waya ɗaya kamar carbi, kusan jeri 30 ne fiyus ɗinsu ya tsinke, ɗan ƙaramin kaso na fitilun tsibirin. Rediyoyin mutane da talabijin ɗinsu suka ci gaba da aiki. Sai dai da yawa daga na'urorin wancan zamani da kwalaben bawul suke aiki, masu kaurin jiki da jure wuta, ba irin ƙwaƙwalwar yau ba. A 1963 kuma Amurka da Sobiyet da Birtaniya suka rattaba hannu kan yarjejeniyar hana gwajin nukiliya a iska da sararin samaniya da ƙarƙashin ruwa. Saboda haka na'urorin zamaninmu ba su taɓa haɗuwa da ainihin abin ba. Duk abin da aka sani game da su daga injinan kwaikwayo ne. Mafi shahara a cikinsu wani katafaren dandamali ne na katako zalla da aka gina a sansanin Kirtland da ke Albuquerque, tsayinsa kamar bene mai hawa 12, aka guje wa ƙarfe a jikinsa don kada ya gurɓata awo. A kansa ake ɗora jirgin yaƙi sukutum, irin su B-52, a zuba masa bugu a ga me zai lalace.

Batun mota ma an gwada shi. Majalisar dokokin Amurka ta kafa kwamiti kan wannan barazana, kuma a rahotonsa na 2008 ya faɗi sakamakon gwajin ƙananan motoci 37, ƙirar 1986 zuwa 2002. Waɗanda aka gwada a kashe, ba wadda ta sami komai. Cikin waɗanda ke kunne, uku suka mutu da bugun ya kai wajen bolt 30,000 a mita, aka murza makulli suka tashi. Ashirin da biyar sun nuna 'yar rikicewa, kamar fitilun gaban direba su riƙa ƙyaftawa, takwas kuma ko gezau. Cikin manyan motoci 18, uku suka mutu, biyu suka tashi nan take, ɗaya sai da aka ja ta zuwa gareji. Gwajin yana da iyaka, domin da mota ta nuna alamar matsala ake dakatar da nata, kuma motocin yau sun fi waɗancan cika da kwamfuta. Duk da haka ya rushe hoton nan na kowace mota ta zama gawa a kan titi. Jikin mota ƙarfe ne, wayoyinta gajeru ne, kuma an ƙera ƙwaƙwalwarta ta zauna kusa da fulogi masu tartsatsin dubban bolt. Haɗarin da kwamitin ya hango shi ne ko mota ɗaya cikin goma ce ta mutu a tsakiyar babbar hanya ana gudu, ga fitilun ba da hannu sun ɗauke, karo da cunkoso za su biyo baya. Bayan kwana biyu kuma, mai lafiyar da marar lafiyar duk ɗaya ne idan famfon gidan mai ba shi da wuta.

Haka zancen yake ga wayar hannu. Ta tsira da ranta, amma turken sabis yana da eriya a sama, da kebur mai saukowa, da layin wuta mai shigowa, ga kwamfutocin cibiyar da ke haɗa kira. Ko da turken ya tsira, batirinsa na sa'o'i ne, janaretonsa kuma sai an kawo masa dizal. Sai ka wayi gari da waya mai haske da kyamara, ba kira, ba tura kuɗi. Jikin ɗan'adam shi ma bugun ba ya yi masa komai, mutum ba zai ma ji wucewarsa ba. Ta bayan gida cutarwar ke zuwa: famfunan tura ruwa su tsaya, firjin da ke riƙe da insulin da alluran rigakafi ya huce, injin wankin ƙoda da na iskar numfashi su koma kan janareton da mansa ke ƙarewa. Adadin nan da ake yawan ambata a Amurka, cewa kashi 90 cikin 100 na jama'a za su iya mutuwa cikin shekara, hasashe ne da aka gina a kan zaton wuta za ta ɗauke a ƙasar baki ɗaya tsawon shekara guda. Wannan zato kuwa ana jayayya a kansa. Cibiyar binciken kamfanonin wutar Amurka, EPRI, ta fitar da rahoto a 2019 tana cewa wuta za ta iya durƙushewa a jihohi da dama, wasu na'urorin kariya masu kwamfuta a tashoshi za su lalace, amma manyan taransifomomin da za su ƙone kaɗan ne. Wasu daga cikin mutanen tsohon kwamitin majalisa suka ce ta raina ƙarfin bugun. Ni dai ina ganin ko da lissafin EPRI ne daidai, makonni ba wuta a manyan birane masu dogayen benaye abu ne da zai ci rayuka.

To me ke faruwa da kayan ko-ta-kwana? Wuƙa, ashana, risho, matatar ruwa, barguna, magunguna, kamfas, taswirar takarda, ba ruwansu. Batir shi kansa, ko na tocila ko na mota, sinadari ne a cikin gwangwani, bugun ba ya zuƙe masa caji. Tocila mai ƙwan LED tana da ɗan sashe mai laushi amma gajere ne. Rediyon hannu idan eriyarsa a naɗe take haɗarinsa kaɗan ne, idan kuma an jona shi da doguwar eriya a saman rufi ya zama na gaba a layin ƙonewa, haka ma oba-oba da manyan na'urorin sadarwa. Ƙaramin janareto mai igiyar ja, wanda ba a jone da gida ba, ya fi na zamani mai allon kwamfuta ƙwari. Sola kuwa, wadda mutane da yawa ke ɗauka ita ce mafita, tana da rauni a tsakiyarta. Faifan kansa yana da juriya, amma wayoyin da suka sauko daga rufi eriya ne masu kyau, kuma a ƙarshensu akwai inbata da na'urar daidaita caji, duka cike da ƙananan sassa. Mai son solarsa ta yi aiki bayan irin wannan rana, na'urar daidaita caji ta biyu zai ajiye, ba a jone ba.

A ina zai ajiye ta? A nan kejin Faraday ke shigowa, wanda aka sa wa sunan Michael Faraday, masanin Ingila da ya nuna a 1836 cewa idan aka kewaye wuri da ƙarfe ta ko'ina, wutar da ta zo daga waje a bayan ƙarfen take yawo, ba ta shiga ciki. Ba ya bukatar tsada. Gwangwanin madara mai murfin ƙarfe, ko adaka, ko bokitin ƙarfe mai murfi, duk za su iya. Kaurin ƙarfen ba shi ne abin dubawa ba, bakin murfin ne. Dogon tsagi, ko da siriri ne kamar zare, ya fi ƙananan huji da yawa illa, domin shi kansa yana aiki kamar eriya. Fenti a bakin adaka yana hana ƙarfe taɓa ƙarfe, sai an kankare shi. Robar da ke bakin murfi ita ma haka, shi ya sa firji ba keji ba ne, mota ma tagoginta sun yi faɗi. Na'urar ɗumama abinci ta maikurowef da wasu ke ba da shawara an tsara ƙofarta ne ta tare zango ɗaya tak, ga kuma jelar waya a bayanta. A ciki, a shimfiɗa kwali ko tsumma don kada kayan su taɓa ƙarfen. Kada waya ko ɗaya ta ratsa daga waje zuwa ciki, domin ita kaɗai ta isa ta rushe aikin duka. Wanda ya naɗe na'ura a tsumma, ya naɗe da takardar alminiyon, sannan ya sa a gwangwani, ya ninka kariyarsa. Ƙaramin akwati ba ya bukatar a haɗa shi da ƙasa. Sojan Amurka suna neman gine-ginensu masu muhimmanci su rage bugun sau 10,000, amma mai gida ba ya bukatar kaiwa can, tunda abin da ya ajiye ƙarami ne kuma a kashe yake.

Gwajin da aka fi yi shi ne a sa waya a ciki a kira ta. Idan ta yi ƙara, akwai kafa. Idan ba ta yi ba, alama ce mai kyau amma ba shaida ba ce, domin zangon da waya ke amfani da shi ya fi na yawancin ƙarfin bugun gajarta, kuma wataƙila dama sabis ɗin wurin ba shi da ƙarfi. Gara a haɗa da rediyo: a kamo tasha mai ƙarfi, a ƙure murya, a rufe murfi, a kasa kunne.

Akwai iyakar da keji ba ya wucewa. Bugun ba ya sallama, don haka abin da kake amfani da shi kullum yana waje lokacin da zai zo. Keji na kayan ajiya ne: ƙaramin rediyo, tocila, na'urar awon sukari ga mai bukata, tsohuwar waya da aka zuba wa muhimman takardu. Ga sauran kayan gida, abin da iyayenmu ke yi idan hadari ya haɗo shi ne daidai, a zare soket, a cire eriya daga bayan talabijin. Kashe maƙunni bai wadatar ba, ratar da ke cikinsa ƙarama ce, wuta mai ƙarfi tsallake ta take yi.

Duk wannan bayani na bam ɗin da ya tashi a can sama ne. Wanda ya tashi a ƙasa ko kusa da ita shi ma yana da bugu mai tsanani, amma a 'yan kilomitocin da ke kewaye da shi, inda wuta da rugujewa da tururin guba suka riga suka zama abin damuwa, ko da yake layukan wuta kan iya jan bugun zuwa nesa. Na sama kuma yana da wata ɓarnar da ba ta tsaya a kan ƙasar da aka nufa ba. Starfish Prime ya bar ɗamarar ilektiron masu ƙarfi tana kewaya duniya tsawon shekaru, ta riƙa cin taurarin ɗan'adam a hankali. Telstar 1, wanda aka harba kwana ɗaya bayan gwajin kuma ya fara haɗa Amurka da Turai ta talabijin kai tsaye, ya mutu cikin watanni. Ariel 1 na Birtaniya shi ma ya sami lahani. A lokacin taurarin 'yan kaɗan ne, yau dubbai ne, kuma hasashen yanayi da taswirar waya da sadarwar ƙasashen da ba ruwansu da faɗan duk a kansu suke. Yarjejeniyar 1967 ta haramta ajiye makaman nukiliya a falaki, amma a watan Afrilun 2024 Rasha ta hau kujerar na-ƙi kan wani ƙudurin da Amurka da Japan suka kai Kwamitin Sulhu don jaddada wannan hani.

Abin da hukumar agajin gaggawa ta Amurka, FEMA, ta zaɓa don yi wa jama'a magana a irin wannan rana yana nuna inda masana suka sa amanarsu. Ta ware tashoshin rediyo 77, yawancinsu masu matsakaicin zango, waɗanda tare suke isa ga kusan kashi 90 cikin 100 na mutanen ƙasar. Tana girka musu ɗakunan ƙarfe masu kariya daga bugun lantarki, kowanne da na'urar watsa shiri ta ajiya, da janareto, da tankin mai, da wurin da ma'aikata za su kwana. Tasha ɗaya irin wannan tana kai murya ɗaruruwan kilomita, da dare ma fiye, ba tare da turken sabis ko tauraron ɗan'adam a tsakani ba. Mai saurare kuma abin da ake bukata a hannunsa ƙaramin rediyo ne da batir biyu.